Faifan Sister Sledge na 1979: Na Masu Kiɗa ne ko na Masu Murya?

Akwai wata magana da masu sharhin kiɗa suka daɗe suna maimaitawa game da faifan "We Are Family", har ta zama kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Cewa suke yi shi ne mafi kyawun aikin ƙungiyar Chic, illa iyaka an buga sunan wasu a bangonsa. Wasun nan su ne Sister Sledge, 'yan mata huɗu uwa ɗaya uba ɗaya daga birnin Filadelfiya na Amurka: Debbie da Joni da Kim da autarsu Kathy. Masu faɗin haka yabo suke nufi, kuma suna da abin kafa hujja, domin duk waƙoƙi takwas da ke cikin faifan Nile Rodgers da Bernard Edwards na Chic ne suka rubuta su, su suka tsara kiɗan, su da mutanensu suka kaɗa. Duk da haka ni ban yarda da hukuncin ba. Ina ganin yana tauye haƙƙin waɗanda suka buɗe baki suka rera, kuma irin tauyewar da aka saba yi wa mata masu waƙa ce, har ta kai mutane ba sa ma lura ana yin ta.

Da yawa daga cikinmu ta hannun Indiyawa muka san disko, wato ta fim ɗin Disco Dancer na 1982, wanda Mithun Chakraborty ya fito a ciki, Bappi Lahiri ya yi masa kiɗa. Shi ya sa da an ambaci disko sai fitilu masu walƙiya da riga mai ƙyalli su faɗo wa mutum a rai. Amma asalin kiɗan daga gidajen rawa na New York yake, inda Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa, kuma uwar da ta haife shi ita ce salon da ake kira soul, wanda shi ma daga waƙoƙin majami'un Baƙaƙen fata ya fito. Filadelfiya na da babban rabo a wannan haihuwa. A can Kenny Gamble da Leon Huff suka kafa kamfaninsu, suna haɗa muryoyin coci da tarin gogen Turawa, kuma a can mai ganga Earl Young ya shahara da bugun nan na babbar ganga sau huɗu a kowace gaɓa ba fashi, wanda ya zama ƙashin bayan disko. Ke nan 'yan matan Sledge a cikin wannan sauti suka buɗe ido.

Ba kuma sababbin shiga ba ne lokacin da suka haɗu da Chic, kuma wannan shi ne abu na farko da hukuncin can yake tsallakewa. Mahaifinsu ɗan rawa ne a dandalin Broadway, mahaifiyarsu 'yar wasan kwaikwayo ce, kakarsu Viola Williams kuwa mawaƙiyar opera ce, ita ta horar da su tun suna ƙanana, suna rera waƙa a majami'ar gidansu. Sun zama ƙungiya a 1971. A watan Satumba na 1974 suna cikin waɗanda suka hau dandamali a Kinshasa, a bikin kiɗan da aka shirya domin damben Muhammad Ali da George Foreman, dandamali ɗaya da James Brown, alhali Kathy tana da shekara 15. Sun fitar da kundi a 1975, sun ƙara wani a 1977 wanda mutanen ƙungiyar Silver Convention na birnin Munich a Jamus suka sa hannu a ciki. Waƙarsu "Mama Never Told Me" ta ɗan yi tashe a Ingila. Abin da ba su samu ba shi ne waƙar da za ta ratsa Amurka. Shekara bakwai suna yawon dandamali suna koyon yadda ake riƙe jama'a, kuma wannan ilimi ne da ba a samunsa a cikin sitidiyo.

Yadda aka yi suka haɗu, Rodgers ya sha ba da labarinsa, bai kuma ɓoye komai ba. Bayan kundin Chic na farko ya karɓu, shugaban kamfanin Atlantic, Jerry Greenberg, ya ce musu su zaɓi duk wanda suke so daga mawaƙan kamfanin su yi masa aiki, har da manya irin su Rolling Stones. Suka ƙi. Dalilinsu shi ne, in suka yi wa babban tauraro waƙa ta karɓu, za a ce ai sunansa ne ya sayar. So suke su ɗauki wanda ba a sani ba su ɗaga shi, domin kowa ya shaida aikinsu ne. Sai Greenberg ya kawo musu zancen wasu 'yan mata da ke ƙarƙashin Cotillion, wani reshe na kamfanin, yana yabonsu da cewa kansu a haɗe yake, kuma kamar dangi suke a wurin kamfanin. Daga kalaman nan nasa, waɗanda suka rubuta a takarda, suka gina waƙar da ta ba faifan suna, mai nufin mu dangi ɗaya ne. Lokacin ko ganin 'yan matan ba su taɓa yi ba.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Waƙar zumuncin da duniya ta fi sani, maza biyu ne suka rubuta ta game da matan da ba su sani ba, daga bayanin wani shugaban kamfani da ke tallar hajarsa. A takarda ba ta wuce haka ba. Kalmominta masu sauƙi ne ƙwarai, amshinta yaro zai haddace shi a ji ɗaya. To me ya mai da ita gaskiya, har mutum ya ji ta ya yarda cewa mai rerawar da zuciyarta take magana? Amsar wannan tambaya ita ce duk gardamata.

Kafin in kai can, dole in ba masu kiɗa haƙƙinsu, domin haƙƙin nasu babba ne. An ɗauki faifan a 1978 a sitidiyon Power Station da ke New York, Bob Clearmountain ne injiniyan sauti, a daidai lokacin da Chic ke aikin nasu kundin na biyu wanda "Le Freak" ke ciki. Mutum uku ne ginshiƙin kiɗan. Rodgers bai cika kaɗa duka tsirkiyoyin jitarsa lokaci guda ba. Biyu ko uku yake kamawa, ya danne sauran da hannun hagu, hannun dama kuma yana ta sara ba tsayawa, sai jitar ta koma rabi kayan tsirkiya rabi kayan bugu. Edwards a kan jitar bes ba bin ganga kawai yake yi ba kamar yadda aka saba, tasa waƙar yake rerawa a ƙarƙashin waƙar, yana shiga inda ba a zata ba, yana barin gurbi inda kunne ke jiran sauti. Tony Thompson kuma hannunsa nauyi gare shi, bugunsa ya fi kama da na masu kiɗan rock, amma ba ya ƙara ko ɗigo a kan abin da waƙar ke bukata. A saman wannan sai gogen, waɗanda ba sa malala kamar na Filadelfiya, gajeren sara suke yi su janye. Asirin duka shi ne barin fili. Kowane kayan kiɗa yana da gurbinsa, babu mai taka ƙafar wani, shi ya sa har yau in an sa faifan a babbar lasifika ba ya cushewa.

Suna kuma da wata dabara da suka ƙware a kai. A tsakiyar waƙa sai su zare kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ganga da bes kawai, sannan su mayar da su a hankali, fiyano ya shigo, jita ta biyo, goge ya rufe. Mai rawa yana jin kamar an kwance waƙar a gabansa an nuna masa yadda aka ɗinka ta. Duk wanda ya ce wannan ba fasaha ba ce, bai saurara ba.

Amma a saurari yadda ake waƙa a faifan Chic na kansu. Mata biyu, Alfa Anderson da Luci Martin, galibi murya ɗaya suke haɗawa, suna yanka kalmomi gajeru-gajeru daidai da bugun jita. Da gangan aka yi haka. Rodgers ya faɗa cewa tsarin ƙungiyar ya samo shi ne daga ƙawar ƙungiyar Roxy Music da kuma yadda 'yan ƙungiyar Kiss ke ɓoye fuskokinsu, har bangon kundinsu na farko a 1977 hoton 'yan tallan kaya ne ba na mawaƙan ba. A wurin Chic murya ɗaya ce daga cikin kayan kiɗa, ba a so ta fito da halin mai ita. Abin yana da kyau, yana da sanyi da tsafta, amma ba ya sa mutum ƙwalla. Abin da ya bambanta faifan Sister Sledge shi ne an ɗora wa wannan injin mai tsafta muryar da ta ƙi zama kayan kiɗa.

Kathy tana da shekara 19 lokacin. Ita da 'yan uwanta sun saba da horon kakarsu, a yi ta bitar waƙa har ta zauna kafin a fita da ita. Rodgers da Edwards kuwa ba su yarda da bita ba. Ba sa ba mawaƙi waƙar ya je gida da ita, sai ya zo gaban makirfo ake nuna masa, wai don kada ɗanɗanon jin farko ya gushe. Kathy ta sha faɗa cewa abin ya dame ta ƙwarai. Babbar waƙar faifan a ɗauka ɗaya ta rera ta, ana karanto mata baiti ta hedfon tana maimaitawa. Masu ba da labarin nan yawanci suna ba da shi ne a matsayin shaidar basirar furodusoshin, wai sun san yadda za su tatso abu mai rai daga bakin yarinya. Ni akasin haka nake gani. Dabarar ba za ta yi aiki ba sai a kan wadda ta riga ta ƙoshi da horo. Ka tsayar da wanda bai iya ba a gaban makirfo ka ce ya rera abin da bai taɓa ji ba, abin da za ka samu shi ne in-ina. Abin da ya fito daga bakin Kathy a ranar, shekarun coci ne da na dandamali suka fito.

Duk mai son ya gane haka ya nemi cikakkiyar waƙar ta cikin faifan, mai tsawon fiye da minti takwas, ba guntuwar da ake sawa a rediyo ba. Rubutattun baitocin suna ƙarewa tun kafin a yi nisa. Abin da ya rage, wanda ya kai kusan rabin waƙar, amshi ne yake ta juyawa, ita kuma tana yawo a samansa. Wani lokaci ta riga bugun, wani lokaci ta bari ya wuce ta sannan ta kamo shi. Muryarta tana da ɗan kaushi da bai dace da shekarunta ba, tana kira, tana roƙo, tana jan kalma ɗaya har ta tsage, sannan ta sauko kamar mai magana da wadda ke tsaye kusa da ita. Wannan salon mai wa'azi ne da jama'arsa a majami'ar Baƙaƙen fata, jagora ya jefa a amsa masa, kuma babu wanda ya rubuta mata shi a takarda. Nan ne waƙar ta tashi daga bayanin shugaban kamfani ta zama maganar ƙanwa ga yayyenta. Rodgers da Edwards sun gina ɗakin, wannan ba a musu, amma ba su suka zauna a cikinsa ba.

A ganina ma ba ita ce waƙa mafi kyau a faifan ba. "Thinking of You" ta fi ta. Jitar Rodgers ce ke buɗe ta ita kaɗai, gangunan hannu su shigo, goge ya biyo a hankali, saurinta matsakaici ne, ba na tsalle ba. Waƙar soyayya ce mai kalmomin da aka sha ji, amma Kathy ta rera ta da wani irin farin ciki mai haɗe da rauni, kamar wadda ta samu abin da take so kuma tana tsoron kada ya kuɓuce. Babu inda aka rubuta tsoron nan a cikin baitocin, a muryar yake. Kamfanin bai ga darajarta ba a 1979, a bayan wata waƙar aka liƙa ta. Sai a 1984 aka fitar da ita da kanta a Ingila, ta kai matsayi na 11, kuma tun daga lokacin masu sa faifai a gidajen rawa na can ba su ajiye ta ba. Waƙar da ta jira shekara biyar kafin a gane ta, bayan an ce zamanin disko ya wuce, ba yayi ne ya ɗauke ta ba.

Akwai hujjoji biyu masu ƙarfi a hannun waɗanda nake jayayya da su, ba zan kauce musu ba. Ta farko, amshin da ake ji a faifan ba na 'yan matan kaɗai ba ne. Mawaƙan Chic suna ciki, su Alfa Anderson da Norma Jean Wright da Diva Gray da David Lasley, har da Luther Vandross tun kafin ya zama tauraro. Wato ko haɗin muryar 'yan uwan, wanda shi ne abin da suka fi taƙama da shi kuma Debbie ce gwanarsa, an cakuɗa shi da na wasu. Wannan gaskiya ne, kuma ina ganin asara ce ga faifan. Amma abin da yake nunawa shi ne iyakar ikon da aka ba su, ba iyakar iyawarsu ba. Ta biyu, a 1980 mutanen nan dai, da makaɗan nan dai, da muryoyin nan dai, sun sake yin wani kundi, "Love Somebody Today", bai kuma kai ko kusa da na farko ba. Sai a ce, in murya ce asirin, me ya hana ta aiki karo na biyu? To ai tambayar tana komawa kan masu kiɗan su ma. Abin da ya sauya tsakanin kundin biyu ba ya cikin sitidiyo, a waje yake, zan kuma zo kansa.

Batun iko ya fito fili a waƙar da ta buɗe faifan, "He's the Greatest Dancer". Labarin wata ce da ta ga wani gwanin rawa a gidan disko ta rikice, har ana lissafa sunayen manyan gidajen ɗinkin da ya sa kayansu, irin su Gucci, abin da ba a saba ji a waƙa ba a lokacin. Da farko Chic suka yi wa kansu ita, daga baya aka ba 'yan matan. Kamar yadda Rodgers ya ba da labari, akwai baitin da ke nuna yarinyar tana son ta bi mutumin gida a daren, su kuma, da yake 'yan gidan addini ne, suka nemi a sauya shi. Aka ƙi. Kiɗan waƙar abin mamaki ne, jitar da ke cikinta tana daga mafi kyawun abin da Rodgers ya taɓa kaɗawa, kuma ta kai matsayi na 9 a jadawalin Billboard. Amma ina ganin suna da gaskiya da suka yi magana, domin su za su tsaya gaban jama'a shekara da shekaru suna faɗin kalmomin da bakinsu. A kwatanta da abin da ya faru shekara guda bayan haka, da Rodgers da Edwards suka yi wa Diana Ross kundi. Da ta ji yadda aka haɗa sautin bai yi mata ba, sai ta ɗauki aikin ta kai kamfanin Motown, ita da injiniya Russ Terrana suka sake haɗa shi, aka turo muryarta gaba. Furodusoshin sun fusata, amma haka ya fita, ya kuma zama kundinta da ya fi kowanne ciniki. Diana Ross tana da ƙarfin da za ta ce a'a. 'Yan matan Sledge ba su da shi.

Ba zan ce faifan ba shi da rauni ba. "Somebody Loves Me" da "Easier to Love" waƙoƙi ne masu daɗi amma ba sa kama mutum, kuma "One More Time" da Kim ta jagoranta an ba ta abin da bai kai iyawarta ba. "You're a Friend to Me" ta Debbie ta fi su zama, muryarta mai nutsuwa ta dace da ita. Sauran waƙoƙi huɗun ne suka ɗauki nauyin faifan, waɗannan rakiya ne.

Faifan ya fito ranar 22 ga Janairu 1979, ya kai matsayi na 3 a jadawalin kundaye na Amurka, ya hau na ɗaya a na kiɗan Baƙaƙen fata, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Babbar waƙar ta tsaya a na 2 a watan Yuni, "Hot Stuff" ta Donna Summer ce ta tare ta. Bayan 'yan makonni, ranar 12 ga Yuli, a filin wasan besbol na Comiskey Park da ke Shikago, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya gayyaci jama'a su zo da faifan disko a ba su tikiti a kan santi 98, a tara faifan a tarwatsa su da nakiya tsakanin wasa biyu. Dubun dubatar mutane suka zo, galibinsu samari Fararen fata, suka mamaye filin har aka soke wasa na biyu. Har yau ana gardama ko ƙin kiɗan ne kawai ko da wani abu a ƙasa. Vince Lawrence, wanda yake yaro mai nuna wa mutane wurin zama a filin a daren, daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa kiɗan house, ya ce da yawa daga faifan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa Baƙaƙen fata ne kawai. Ni wannan shaidar ta ishe ni. Gidajen rediyo da kamfanoni suka tsorata, suka janye hannu daga duk abin da aka liƙa wa sunan disko. A cikin wannan yanayi kundin 1980 ya fito. Wata uku bayan daren Shikago, ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ci kofin besbol na ƙasa, kuma waƙar Sister Sledge ce takenta a duk kakar, wanda kyaftin ɗinta Willie Stargell ya zaɓa. Jama'a ba su gaji da waƙar ba. Masu riƙe da ƙofa ne suka rufe.

A duba wanda rufewar ta ci. Kiɗan kansa bai mutu ba, suna kawai aka sauya masa. A ƙarshen 1979 kiɗan "Good Times" na Chic ya zama shimfiɗar "Rapper's Delight", waƙar da ta fitar da rap kasuwa. Rodgers ya yi wa David Bowie "Let's Dance" a 1983, ya yi wa Madonna "Like a Virgin" a 1984, Edwards da Thompson suna cikin makaɗan. Edwards ya yi aiki da Robert Palmer. Hannayen nan dai ne, sai dai fuskokin da ke gaba sun zama na Turawa, kuma babu wanda ya kira shi disko. Mai tsara kiɗa yana iya komawa bayan wani mawaƙin, mawaƙiya kuwa ba ta da inda za ta ɓoye muryarta. Sister Sledge sun ci gaba da aiki, har "Frankie" ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 1985, amma a ƙasarsu ba su sake komawa inda suka kai ba.

Haka rabon kuɗi yake. A dokar Amurka, in gidan rediyo na gargajiya ya sa waƙa, marubucinta da mai haƙƙin buga ta ake biya, wanda ya rera ba ya samun komai daga wannan sawar. Da Will Smith ya yanko kiɗan "He's the Greatest Dancer" ya gina "Gettin' Jiggy wit It", wadda ta hau na ɗaya a 1998, sunayen Rodgers da Edwards ne suka shiga jerin marubuta. Ba na zarginsu da cuta, sun rubuta, kuma dokar da suka tarar ke nan. Dokar ce ta ɗauka cewa abin da aka rubuta a takarda shi ne waƙa, abin da murya ta ƙara kuwa ado ne. Minti huɗun nan da Kathy ta yi tana ƙirƙira a saman amshi, a idon doka ba ƙirƙira ba ne. Mu ma mun san irin wannan a sitidiyoyin Kano, inda mace za ta rera waƙar fim da kowa zai haddace, a san jarumar da ta motsa baki, a san mai waƙar namiji, ita kuwa a sallame ta a ranar, sau da yawa ko sunanta ba a ji ba.

Ita kanta babbar waƙar ta yi wa faifan illa ta wani gefen. Ta zama ta bukukuwan aure da tarukan siyasa da tallace-tallace, Rodgers ya tara ɗimbin taurari suka sake rera ta bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya kuma kafa gidauniya da sunanta. Yawan jin ta ya sa mutane sun daina saurarenta, sauran waƙoƙin kuma sun shiga inuwarta. Ta kuma ɗora wa mata huɗun nauyin da ba kowane gida ke iya ɗauka ba. Kathy ta fita ta kama gabanta a 1989, aka yi ta saɓani kan amfani da sunan ƙungiyar, kuma da aka yi wa Fafaroma Francis waƙa a Filadelfiya a 2015, babu ita a cikin waɗanda suka hau dandamali. Akwai masu ɗaukar wannan abin dariya, wai masu waƙar zumunci sun kasa riƙe nasu. Ni ban ga abin dariya ba. 'Yan uwa suna saɓawa a ko'ina, balle waɗanda abincinsu da sunan gidansu suka zama abu ɗaya tun suna yara.

Joni ta rasu ranar 10 ga Maris 2017 tana da shekara 60, a watan da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da shigar da babbar waƙar cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa. Yawancin labaran rasuwarta da sunan waccan waƙar aka buɗe su, alhali ba ita ta jagorance ta ba. Tata ita ce "Lost in Music", labarin wadda ta bar aikin albashi ta bi kiɗa, ta kuma san babu komawa. Kiɗan yana tafiya a kan sautuka kaɗan masu ɗan duhu, suna ta zagayowa kamar ba za su sake ta ba. Joni ba ta da kaushin muryar Kathy, tata a miƙe take, a sanyaye, ba ta roƙo ba ta kuka. Wani mawaƙin zai mai da waƙar murna zalla. Ita ta rera ta yadda mutum ba zai iya cewa ga inda daɗin ya ƙare tarkon ya fara ba, kuma mace ce da a lokacin ta riga ta ba sana'ar shekara bakwai ba tare da ta ga sakamako ba. Waƙar ta tsaya a na 17 a Ingila a 1979, da aka sake haɗa sautinta a 1984 ta kai na 4. Har yau akwai masu sonta da yawa da suke zaton Kathy ce ta rera.